Boilarmu ta mutu a tsakiyar Janairu, Inna ta ce a hura gawayi

Assalamu alaikum Anti. Daga Bradford ta Ingila nake rubuto miki, da ƙyar ma nake danna waya saboda sanyi. Yau kwana biyu ke nan boilar gidan da muke haya ta tsaya, babu ɗumi a ɗakuna, babu ruwan zafi a famfo. Mun kira ejan ɗin da ke kula da gidan, ya ce mai gyara ba zai samu zuwa ba sai nan da kwana biyar. Ina da jaririya 'yar wata biyu, da yaro ɗan shekara shida mai sikila, da yayarsa 'yar shekara tara. Mahaifiyata ta zo mini zaman jego daga Katsina, ta haura shekara sittin, tun da ta sauka take fama da sanyin garin nan. Ta ce a sayo gawayi a hura a babban kaskon turaren wutarmu, in ya ruru ya daina hayaƙi a shigar da shi ɗaki kamar yadda ake yi a gida. Wata maƙwabciya kuma ta ce in kunna obin in bar ƙofarsa a buɗe. Maigidana aikin dare yake yi, ya ce mu yi haƙuri kada mu ja magana da mai gidan tunda a kan bizar aiki muke. Hitar lantarki ɗaya gare mu, ita ma ina tsoron kuɗin wuta. Anti, yaya zan yi?

Mai jego, Bradford

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah Ya raya mana ita, Ya ƙara wa yayanta lafiya. Ki gaishe mini da Inna.

Tun kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, ki riƙe magana ɗaya: kada gawayin nan ya shiga gidan. Kada ya shiga ɗaki, kada ya shiga kicin, kada a ajiye shi a bakin ƙofa a ce ai daga nesa ne. Obin ɗin da maƙwabciyarki ta ambata, in na gas ne, hukuncinsu ɗaya da kasko. Haka abin gasa nama, haka ƙaramin risho na tafiya. Na san kina karanta wannan jikinki na kaɗawa, yara sun takure a gefenki, kuma abin da ya fi kusa da hannu shi ne abin da nake hana ki. Ki ba ni hankalinki in gaya miki dalili, domin ke ce za ki shawo kan Inna, kuma ba za ki iya ba sai kin gamsu da kanki.

Duk abin da ke ci da wuta a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari, ba ta sa ido yaji. In mutum ya shaƙe ta, sai ta kama jininsa ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, kuma jini ya fi saurin riƙe ta fiye da iska mai kyau ninki sama da 200. Abin da mutum zai fara ji ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci mai nauyi. Wanda yake barci kuwa ba ya jin komai. Ita ce gubar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda muke jin ta shafe iyali guda a dare ɗaya a garuruwanmu. A watan Fabrairun 2021, da sanyi ya ɗauke wutar lantarki a jihar Teksas ta Amurka, hukumar lafiyar jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, 19 daga cikinsu wannan iska ce ajalinsu, ɗumi suke nema kamar yadda kike nema yau.

Kuskuren da muka tashi da shi, ni da ke da Inna duka, shi ne zaton cewa illar gawayi a hayaƙinsa take, in ya yi jajur hayaƙi ya ɗauke to ya zama lafiya. Garwashin da ya ruru ya yi ja, babu ko ɗigon hayaƙi, yana nan yana fitar da gubar. Ko ya fara mutuwa ya rufu da toka, yana ci gaba da fitar da ita na sa'o'i. Hayaƙi ma wani rufin asiri ne, don yana sa mutum tari ya tashi ya buɗe ƙofa. Mai kisan ba ta yi wa kowa sallama.

Inna za ta ce shekara sittin tana jin ɗumin kasko da hunturu ba abin da ya same ta, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai ki duba ɗakin da take hura shi a Katsina: ƙofa da asabari ko labule, taga da 'yar kafa, ƙasan ƙofa iska na shiga, da safe an buɗe ko'ina rana ta shigo. Duk da haka a can ma akan rasa mutane in suka toshe ko'ina suka kwanta da kasko. Gidan da kike ciki an gina shi ne don kada iska ta fita. Tagogi gilashi biyu ne, an bi gefensu da roba, ƙofa tana rufuwa ruf. Abin da ke riƙe ɗumi shi zai riƙe gubar. Kuma a gidanki akwai mutum uku da za ta fi saurin kayarwa: jaririya mai ƙaramin jiki da saurin numfashi, yaro mai sikila wanda dama jininsa bai wadata ba, da ita Innar kanta.

Kada ki ce mata "ba a yin haka a nan", don za ta ji kamar kin mayar da ita baƙauya a gidan 'yarta. Ki zauna kusa da ita ki ce, "Inna, ginin nan ba ya numfashi irin namu na gida, in muka sa garwashi iskarsa ba ta da hanyar fita, kuma jikokinki za ta fara taɓawa." Tsohuwa in ta ji sunan jika takan sauko. Sannan ki ba ta aikin da zai sa ta ji da ita ake yi: damun kunu, dafa shayi da citta da kanumfari, duba ƙafafun yara ko safa ta zame. Turaren wutar ma ki ɗaga masa ƙafa har boila ta dawo, tunda yanzu ko'ina a rufe kuke. In akwai na jonawa a lantarki, shi za ki yi amfani da shi.

Ki duba ko akwai ƙararrawar kabon monoksayid a wurin da boilar take. Tun 1 ga Oktoban 2022 doka ta wajabta wa masu ba da haya a Ingila su saka ta a ɗakin da ke da boila ko makamancinta. Ki danna maɓallin gwaji ki ji ko tana kuka. In har wata rana kuka ji ciwon kai ya kama ku gaba ɗaya, kuma yana sauka in kun fita waje, ku fice daga gidan nan take, ku kira 999, lambar neman agajin gaggawa. In warin gas kika ji, ki buɗe tagogi, kada ki taɓa makunnin lantarki, ki fita ki kira 0800 111 999, layin gaggawa ne na gas, kyauta, dare da rana.

To, yanzu ita boilar. Tunda babu mai gyaran da ya zo ya gan ta, ba a san me ya same ta ba, kuma sau da yawa abin ba ya kai ya kawo. Akwai abubuwan da ke ko maigidanki za ku iya dubawa ba tare da kun kwance komai ba. In mitarku ta saka kati ce, ku duba ko kuɗin gas ne ya ƙare. Tana da ɗan bashin gaggawa da ake dannawa. Ku duba batirin abin saita zafi da ke jikin bango. Ku duba agogon matsin ruwa da ke gaban boilar: in tana sanyi, allurar ta kamata ta tsaya tsakanin 1 da 1.5, in ta faɗi ƙasa sosai boila takan ƙi tashi. In akwai lamba ko harafi da ke ƙyaftawa a fuskarta, ki ɗauki hotonsa ki tura wa ejan, mai gyara zai san abin da zai taho da shi.

Sai wanda na fi zargi a irin wannan watan. Boilolin zamani suna da wani farin bututun roba da ke fitar da ruwa zuwa magudana, sau da yawa ta bayan gida yake bi. In sanyi ya kai ruwan ya daskare a ciki, boila sai ta kashe kanta, wani lokaci har ki ji tana ƙugi kamar mai kuskurar baki. A babban sanyin da ya rufe Birtaniya ƙarshen Fabrairun 2018, wannan bututun ne ya tsayar da boiloli a gidaje da yawa, har da nawa. Na kwana biyu ina jiran mai gyara, da ya zo ruwan ɗumi kawai ya zuba wa bututun daga waje, ya danna maɓalli, ta tashi. In bututunku yana inda hannu zai kai daga ƙasa, maigidanki ya zuba masa ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba don kada robar ta fashe, sannan ya sake tayar da boilar. Ya kula da santsi, ruwan da ya zube a ƙasa zai daskare. Iyakarku ke nan. Murfin boila ba ya buɗuwa sai a hannun mai rajista da Gas Safe Register, wato rajistar masu izinin gyaran kayan gas, kuma duk wanda ya zo ki nemi ganin katinsa. Kada a kawo miki wani ɗan uwa a ce ai ya iya gyaran komai.

In ba ta tashi ba, ki daina tunanin ɗumama gida, ki koma tunanin ɗumama ɗaki ɗaya. Ki zaɓi mafi ƙanƙanta da zai ɗauke ku duka, wanda bangonsa na waje bai yi yawa ba, in yana samun rana da hantsi ya fi. Sauran ɗakunan a rufe ƙofofinsu. Ki naɗe tawul ko tsohon zane ki tura a ƙasan ƙofa. Labule a buɗe in rana ta fito, a ja shi tun kafin magariba, kin san yanzu wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi. In labulen shara-shara ne ki rataya bargo a kansa. Kada katifa ta kwanta a kan tayil ko katako tsirara, a shimfiɗa darduma ko kwali a ƙarƙashi, don ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda ake zato. Abu ɗaya da ba za ki toshe ba shi ne kafar iska da aka yi da gangan a kicin ko kusa da kayan gas.

Ki sayi ma'aunin zafin ɗaki, ba shi da tsada, in ma ba a ba ki ɗaya ba lokacin haihuwa. Jiki yana saba wa sanyi ya yaudari mai shi, musamman jikin tsofaffi, amma lamba ba ta ƙarya. Hukumomin lafiya na Ingila suna cewa ɗakin da ake zaune kada ya gaza digiri 18, ɗakin barcin jariri kuma tsakanin 16 da 20.

Maganar kuɗin wuta kuwa, zo mu yi lissafi don tsoron ya ragu. Yawancin hitocin nan kilowat 2 ne, wato yunit 2 a kowace awa in an ƙure su. Mu ƙaddara yunit ɗaya feni 30 ne, ainihin farashinku yana jikin takardar bil. Awa 8 a rana ya kama yunit 16, fam 4 da feni 80. Kwana biyar fam 24, kuma a kwanakin nan ba kwa ƙona gas ɗin ɗumama gida. Kuɗi ne, ban raina ba, na san yadda albashi ke ƙarewa kafin wata ya ƙare. Amma ki auna shi da dare ɗaya na ciwon sikila. Ki kunna hitar. Ki jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, kada ta bi ta doguwar wayar jone-jone, don nauyinta yana iya narkar da ita. Ki ajiye ta a ƙasa mai daidai, taku ɗaya babba tsakaninta da labule, gado da kaya, kuma kada a shanya komai a kanta, ko safar jaririya ce. Ki ɗumama ɗakin sosai kafin kwanciya, ki kashe in za ku yi barci, in kin tashi shayarwa ki kunna ta sake ɗaukar ɗumi. In za ki ƙara saya ko aro, mai mai a ciki wadda ta yi kama da ƙarfen ɗumi na jikin bango ta fi dacewa da gida mai yara, tana riƙe zafi bayan an kashe ta.

Sutura: riguna marasa kauri uku sun fi mai kauri ɗaya, don iskar da ke tsakaninsu ita ce ke riƙe ɗumi. Wando a ƙarƙashin zane, safa biyu, hula ga manya da yara. Inna ta sa dogon wando da suwaita a ƙarƙashin atamfarta ko da tana jin wani iri. Gorar roba ta ruwan zafi tana taimako ƙwarai: kada a zuba mata tafasasshen ruwa, a cika kashi biyu cikin uku, a fitar da iska, a ɗaure, a naɗe ta da tawul. Kada a haɗa ta da bargon lantarki a gado ɗaya. Abinci mai ɗumi sau uku, kunun gyaɗa, farfesu, tuwo da miyar kuka, duk abin da ya samu. Jiki da abinci yake hura wutarsa. Girki a kicin ba laifi, girki ne, a gama a kashe. Barin wuta tana ci don ɗumi shi ne na hana.

Jaririya kuwa, a nan nake so ki nutsu, don abin da zuciya ke ce wa uwa ta yi a daren sanyi shi ne ke da haɗari. Zuciya za ta ce ki lulluɓe ta da bargo uku, ki sa mata hula, ki shigar da ita tsakiyarku. Jariri ba ya iya ture bargo in ya rufe masa fuska, kuma zafi fiye da kima yana cikin abubuwan da ke jawo mutuwar jarirai a cikin barci. Ta kwana a ɗakin da kuke, amma a gadonta ita kaɗai, a rigingine, ƙafafunta a ƙarshen gadon. Ki ƙara mata riga ɗaya ko biyu a jiki, bargo mara nauyi a cusa gefensa da kyau kada ya wuce kafaɗa. Babu hula in tana barci a ɗaki, don ta kai jariri ke fitar da zafin da ya yi masa yawa. Babu gorar ruwan zafi a gadonta, babu bargon lantarki, kada a kai gadon jikin hita. Kada ta kwana katifa ɗaya da yayyenta, kuma don Allah kada barci ya ɗauke ki a kan kujera tana jikinki. In kina son sanin ko tana jin sanyi, ki taɓa ƙirjinta ko bayan wuyanta. Hannu da ƙafar jariri dama sukan yi sanyi. In kina farke, ki sa ta a ƙirjinki fata da fata ki rufa da zane, babu ɗumin da ya kai wannan. Nono kawai, kada a ba ta ruwan ɗumi ko wani jiƙo da sunan korar sanyi. Wanka kullum ba dole ba ne a kwanakin nan, a goge ta da tsumma mai ɗumi, ɓangare-ɓangare, a ɗakin da hita take. In kika ga jikinta ya yi sanyi har ƙirji, ta saki, ta yi shiru fiye da yadda kika saba, ta ƙi kama nono, 999 za ki kira ba tare da jiran gari ya waye ba.

Wankan jegonki, in har kina yi, ki rage shi. Ɗaukar bokitin tafasasshen ruwa a hau bene da shi, ga yara suna kai da komo a ɗaki ɗaya, ƙuna ce ke jira. Ki duba ko shawarku ta lantarki ce mai akwatinta a bango, irin wannan ba ruwanta da boila. In gidan yana da tankin ruwan zafi, sau da yawa yana da makunnin lantarki nasa daban. Alwala kuma a surka ruwan buta daga kettil, a goge jiki sosai kafin a fito.

Yaronki shi ya fi tsaya mini a rai. Kin fi ni sanin abin da sanyi ke yi wa mai sikila: jijiyoyin jini su tsuke, jinin ya sarƙe, ciwo ya tashi. Shi zai kwana a wuri mafi ɗumi, nesa da taga da bangon waje, da safa da hula. Ki matsa masa ya sha ruwa, don da sanyi yara ba sa jin ƙishi, kuma ƙarancin ruwa shi ma yana tayar da ciwon; ruwan ɗumi, shayi mara ƙarfi, kunu mai ruwa-ruwa. Magungunansa na kullum kada a tsallake. Ya sa kaya a cikin ɗakin ɗumi, kada ya fito daga bargo ya tsaya a banɗaki mai sanyi ba riga. Ki kira nas ɗinsa ta sikila gobe da safe ki gaya mata gidanku babu ɗumi, ki roƙi ta rubuta miki 'yar takarda. Za ta yi miki amfani a wurin mai gida. In zafin jikinsa ya kai 38, ko ciwo ya fi ƙarfin maganin gida, asibiti kai tsaye. In ƙirji ke ciwo ko numfashi na yi masa wuya, 999. Makaranta tana da ɗumi da abinci mai zafi, in lafiyarsa ƙalau ya je shi da yayarsa, ki sanar da malamarsu halin da ake ciki. Inna ma a sa mata ido: in ta fara magana a jaye, ko ta rikice, ko barci ya yi mata yawa jikinta da sanyi, a lulluɓe ta a kira motar asibiti. Kada a murza mata hannu da ƙafa, kada a tsoma ta a ruwan zafi. Abin da bai kai gaggawa ba amma ya dame ki, layin neman shawarar lafiya na 111 na nan.

Saura maigidanki. Na fahimci tsoronsa, mutumin da zamansa ya rataya a kan takarda yakan ga kowace magana kamar za ta taɓa takardar. Ki gaya masa cikin ladabi cewa wannan ba ta cikinsu. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran abin ɗumama gida da na ruwan zafi, kuma bai tambayi launin fasfo ko irin bizar ɗan haya ba. Neman a gyara abin da kuke biyan kuɗinsa duk wata ba neman tallafin gwamnati ba ne. Dokar ta ce a yi gyara cikin lokacin da ya dace, kuma kwana bakwai babu ɗumi a Janairu, da jaririya da mai sikila da tsohuwa, ba wanda zai kira shi dacewa. Mai gida ba shi da ikon fitar da ku da fatar baki don kun yi ƙorafi, sai ya bi ta kotu.

Saboda haka yau ɗin nan ku rubuta, kiran waya ba ya barin shaida. Imel ko saƙon tes, ga ejan da mai gidan duka: ranar da boila ta tsaya, shekarun yaran, ciwon yaron, shekarun Inna, hoton ma'aunin zafi da lambar da ya nuna. Ku nemi mai gyara cikin awa 24, ku nemi a kawo muku hitocin aro kafin nan, ku ce za ku nemi a rage muku kuɗin wutar da kuka ƙara kashewa. Ku adana rasit na duk abin da kuka saya. In gobe ta yi ba motsi, ki kira ƙaramar hukumar Bradford ki nemi sashen da ke duba lafiyar gidajen haya. Tsananin sanyi yana cikin haɗurran da dokar gidaje ta 2004 ta ba su ikon tilasta wa mai gida ya kawar. Ƙungiyoyin taimako na Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta. Abin da ba za ku yi ba shi ne riƙe kuɗin haya don haushi. Wannan zai miƙa wa mai gidan sandar dukanku. Ki kuma kira kamfanin gas da lantarkinku ki ce a sa ku a rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman, kyauta ce, kuma gida mai yaro ƙasa da shekara biyar ya cancanta. In mitar kati ce kuma kuɗi ya yanke, ki gaya musu akwai jaririya da mara lafiya.

Wani abu da zai biyo bayan kwanakin nan shi ne danshi. Mutum biyar ko shida suna numfashi a ɗaki ɗaya a rufe, za ki ga ruwa na tsiyaya a gilashi da safe. Ki goge shi, ki buɗe taga minti biyar zuwa goma da rana lokacin da yara ba sa ciki, kuma kada a shanya wanki a ɗakin. Baƙin fumfuna da ke fitowa a bango ba ƙazanta ce kawai ba. Shi ya yi ajalin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu da iyayensa suka zo daga Sudan, a garin Rochdale na Ingila cikin Disambar 2020, bayan sun daɗe suna kai kuka ba a saurare su ba. In kika ga ya fara fitowa, ki ɗauki hoto ki haɗa da ƙorafinki.

Da rana ba dole ku zauna a gidan ba. Ɗakin karatu na unguwa yana da ɗumi, kyauta ne, ba mai tambayar ki me ya kawo ki. Masallatai da cibiyoyin unguwa da yawa suna buɗe ƙofa don haka da hunturu, Bradford kuwa ba ta rasa masallatai ba.

Da dare kuma ga ma'aunin da zan ba ki. In kin yi duk abin da na faɗa, ɗakin ya kasa riƙe digiri 16, ku bar gidan. Na san nauyin da za ki ji, mai jego da yara uku da tsohuwa a falon mutane. Ki ajiye kunyar. Ki sa magana a zauren WhatsApp na 'yan uwanmu da ke garin, ki faɗi abin da ya faru kai tsaye: boila ta mutu, akwai jaririya da mai sikila, ana neman aron hita ko wurin kwana na 'yan kwanaki. Waɗanda suka cika gidanki ranar suna ba za su ji wannan su yi shiru ba. In ba za a samu wurin da zai ɗauke ku duka ba, a fara kai yaron da Inna, ke da jaririya ku bi wani gidan. Kafin ku fita ki kashe hita ki zare ta daga soket, ki nemo makunnin ruwan gidan, yawanci yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, ki rufe shi, don in bututu ya daskare ya fashe ba kwa nan kada ku dawo ku tarar da gida ya cika da ruwa. Ki rubuta wa ejan cewa sanyi ne ya fitar da ku, da lambar da mai gyara zai same ku.

Ki sake rubuto mini in boilar ta tashi, ki gaya mini yadda yaron ya kwana.